Ba Haruna Rewaya Ya Sa Wayar Ba

Damina tara ke nan da rasuwar yayana Haruna, wanda tashar Jibiya ta sani da Haruna Rewaya. Ni da damina nake ƙirga, don ranar da muka kai shi makwancinsa gero ya kai gwiwa. Aji huɗu na yi a firamare na gudu na bi mota, don haka wanda ya ga maganata ba ta miƙe ba ya yi haƙuri. Ba yabon mamaci ya kawo ni ba, duk da ya cancanta. Akwai maganar da aka ɗora wa sunansa ina tsaye a wurin, na ji da kunnena, na yi shiru shekara tara. Ana cewa aikin hannunsa ne ya kashe shi. Ƙarya ce, kuma ita na zo ɗaukewa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Sana'arsa gyaran wutar mota, shi ya sa ake ce mashi Rewaya. Rumfarsa tana bakin tasha ƙarƙashin wata dalbejiya, benci ɗaya, akwatin ƙarfe ɗaya, da fitilar gwaji da ya haɗa da kansa. Ba shi da yawan magana, ba shi da saurin aiki. Direbobi kan yi ta ƙorafin yana ɓata masu lokaci, amma gobe ka sake ganin su a layi, har da mutanen Maraɗi da ke tsallako boda da motocinsu. In ka kawo mota ka ce ta ƙi tashi, ba ya fara buɗe komai. Sai ya ce ka shiga ka murɗa makulli rabi, kada ka yi kik, shi kuma ya durƙusa wajen tanki ya kasa kunne. Daga abin da ya ji yake sanin inda zai fara.

Dole in yi bayanin abin da yake saurare, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. A cikin tankin mota akwai famfon mai, shi ke tura fetur ta tiyo zuwa inji. Famfon nan babbar wuta yake ci, wadda in aka bi da ita ta makulli za ta ƙona shi. Saboda haka aka sa wani ɗan abu a tsakani da muke kira rile. Baƙin akwati ne da bai kai kwalin ashana ba, yana da ƙafa huɗu da ake sokawa a akwatin fiyus. Haruna ya taɓa fasa mani wani da ya mutu a kan bencinsa. Ciki ba komai sai siririyar waya kamar gashi an naɗe ta a jikin guntun ƙarfe, da wani falle mai kamar harshe a samansa. Ƙafa biyu na ƙaramar wuta ne, wadda ke fitowa daga makulli ta bi ta ƙwaƙwalwar mota. In ta shiga naɗin nan, guntun ƙarfen sai ya zama mayen ƙarfe, ya jawo harshen ƙasa, ka ji ƙas. Da harshen ya sauka ya haɗa sauran ƙafa biyun, ɗaya daga batir, ɗaya zuwa famfo. Shi ke nan famfo ya tashi.

Amma abin da ya fi damun Haruna shi ne yadda rile ke sakewa. In ka murɗa makulli rabi, famfo zai yi ɗan gurnani kamar ka ƙirga ɗaya, biyu, ya cika tiyo da mai, sai ya tsaya. Ba zai ci gaba ba sai ƙwaƙwalwar mota ta ji inji yana juyawa. Haka kuma duk lokacin da inji ya mutu, ko da makulli na kunne, ƙwaƙwalwar za ta janye ƙaramar wutar, harshen ya koma sama, famfo ya yi shiru. Yakan ce waɗanda suka ƙera abin nan ba ranar lafiya suka duba ba. Ranar da mota ta faɗi, tiyo ya ɓalle, direba ba ya iya kai hannu ga makulli, ranar ce aka yi shi dominta.

Akwai dabarar da ake yi in rile ya mutu a hanya. Ka zare shi, ka samu guntun waya mai kauri ka soka bakinta biyu cikin manyan ramukan nan, wutar batir ta wuce kai tsaye. Muna ce mata dairek. Famfo zai yi ta aiki ba tsayawa, da makulli ko babu, sai ka zare wayar ko ka cire kan batir. Haruna ya ƙi jinin dairek yadda wasu suka ƙi jinin giya. Kowa a tasha ya san haka. Ya sha korar mutum da motarsa a kan ta, har aka riƙa tsokanarsa da Limamin Rile.

Yanzu ni ɗan kamasho ne a wannan tashar, na bar tuƙi tun shekarar da ya rasu. Inda rumfarsa take wani ne ke cajin waya. Masu wayarin na yau kwamfuta suke jona wa mota ta faɗa masu ciwonta, kuma ban ce ba ta faɗa daidai ba. Sai dai rilen da ke kasuwa yanzu rabi jabu ne, sati biyu ya mutu, na ƙwarai kuma tsada. Don haka dairek ta fi da yawa. Ina zaune a benci ina jin famfon motoci na gurnani inji a kashe, fasinja cike a ciki da mata da goyo. Da Haruna zai leƙo, ba kwamfutar zai tsaya kallo ba. Zai bi layin motocin nan yana kasa kunne, kafin azahar ya yi faɗa da rabin tasha. Ni kuwa duk shekarun nan ban taɓa tanka wa kowa ba, don na san abin da ke bakina.

A wancan lokacin fetur na da araha a wajenmu, yana da tsada a Nijar, kuma rabin garin nan da shi yake ci. Ni ma haka. Ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da mai walda ya ƙara mata tanki. Jarka ana iya ƙwace ta a shinge, amma man da ke cikin tankin motarka naka ne. Sai ka cika, ka wuce Magama, ka tsallaka, ka sauke wa masu bido, wato masu sayen mai a jarka, a can, ka juyo. Da farko da baki muke zuƙowa ta tiyo, har ƙirjina ya fara ciwo. Daga baya wani ya koya mani hanya mai sauƙi: ka zare tiyon mai daga wajen inji ka sa a jarka, ka cire rile, ka sa dairek, famfon motar da kansa ya juye maka tankin. Ka gama ka maida komai.

Haruna ne kaɗai ke taɓa wutar motata, wannan ma kowa ya sani. Wata rana na kai mashi ita fitila na wasa, ya buɗe akwatin fiyus, ya taɓa rilen da yatsa ya ji yana rawa a mazauninsa.

Ya ce, "Sani, wa ke shiga akwatin nan?"

Na ce, "Ni ne, Yaya. Sauke mai nake yi da shi."

"Kai da ƙwan fitilar ɗakinka sai Inna ta aiko ni na canja maka, yau kai ne injiniya."

"Yaya, ƙirjina ya gaji da shan fetur."

Ya daɗe yana kallon ramukan. Ya ce, "Ban hana ka neman abincinka ba. In za ka yi, ka yi mota a tsaye, inji a kashe, ka gama ka maida rile ka ɗaure tiyonka da kyau. Ranar da na kama ka kana tafiya da waya a nan, kada ka sake kawo mani motarka, kuma da bakina zan faɗa wa Inna." Shekarata arba'in da 'yan kai a lokacin, ina da iyali, amma na san zai faɗa.

Zarewa da maidawa kullum ta sa ramukan suka saki. Rile ya fara yanke mani mai a tsakiyar hanya, mota ta yi ta shaƙewa. Gyaran ba wani abu ba ne, aikin rabin awa ne a hannun Haruna. Kunyar komawa wurinsa ce ta hana ni. Sai na jefa rilen a aljihun ƙofa na bar wayar a ciki, in na tsaya in zare ta, in zan tashi in soka. Na yi wajen sati uku a haka. Kilif ɗin da ke matse bakin tiyon ma ya gaji da kwancewa, da hannu kawai nake tura shi.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da safe na cika tanki, na soka wayata, na tayar da mota a ƙofar gida tana ɗumi. Sai ga Haruna a ƙafa da farar riga.

"Ba ni motar nan in je Bugaje in yi gaisuwar kawun Hajara. Hanya ta jiƙe, babur ba zai yi ba. Kafin azahar na dawo."

Hajara ita ce matarsa. Na ce, "Yaya, tanki cike yake fa."

Ya ce, "To ai ba sha zan yi ba."

Hannuna na kan bonet. Da a kashe motar take, da shi ya murɗa makullin da kansa, da ko ƙofa bai rufe ba zai ji famfo bai tsaya ba. Amma ya same ta tana aiki, ƙarar inji ta rufe komai. Magana ɗaya ce zan yi, in ce mashi akwai waya a akwatin fiyus. Na san in ya isa Bugaje ya kashe inji zai gane, sai na ce a raina gara ya yi fushinsa a can, kafin ya dawo ya huce. Abin da na lissafa ke nan, faɗan da za a yi mani. Na ɗauke hannuna, ya ja ya tafi.

Bai isa ba. Wajen wani kwalbati da ruwa ya ci gefensa motar ta zame ta kwanta a rami. Kafin labari ya iso gari mu je, wuta ta gama aikinta. Ba zan faɗi abin da muka ɗauko ba.

Kashegari aka jawo gawar motar zuwa tasha, mutane suka kewaye ta. Robar akwatin fiyus ta narke, amma jan ƙarfe ba ya narkewa da sauƙi. Wani tsohon direba, Malam Idi, ya sa sanda ya tona, sai ga wayata a lanƙwashe, bakinta biyu a inda na soka su. Ya ɗago ya ce, "Ashe Limamin ma yana yi. Mu yake kora, ƙanensa yake wa dairek." Aka yi ta salati ana kaɗa kai. Wani ya ce Allah Ya rufa mana asiri, aikin hannun mutum ya cinye shi. Ina tsaye tsakanina da Malam Idi bai fi taku uku ba. Har dafa ni aka riƙa yi ana ba ni haƙuri, na rasa ɗan'uwa na rasa mota.

Ranar sadakar uku wani dattijo manomi ya zo, yana cikin waɗanda suka fara isa wurin. Ya ja ni gefe ya ce yana so in sani ɗan'uwana bai mutu a faɗuwar ba. Ƙafarsa ce ta maƙale ƙarƙashin sitiyari, amma yana cikin hankalinsa. Injin ya mutu, wurin ya yi tsit, sai wani ɗan ƙugi da ke fitowa daga bayan motar, da warin fetur. Ya ce Haruna bai ce a ciro shi ba. Abin da yake ta faɗa shi ne, ku cire kan batir, famfo bai tsaya ba, ku cire kan batir. Su kuwa manoma ne da fartanya a hannu, ba wanda ya san ta inda ake buɗe bonet, ga shi ya lotse. Suna cikin dukan bonet ɗin wutar ta tashi, Haruna ya ce su ja da baya. Dattijon ya tambaye ni ko na san ma'anar maganar, na ce ban sani ba.

Ke nan Haruna ya sani. A kwance cikin ramin nan ya ji famfon, ya san waya ce, ya san wanda ya sa ta. Wannan nake kwana da shi nake tashi da shi.

Shekarun suka wuce. An rufe boda, an buɗe, an sake rufewa, an sake buɗewa. Aka cire tallafin mai, sana'ar da na ƙona yayana a kanta ta mutu murus, motoci masu ƙarin tanki suna nan bayan gari awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Hanyar da ya bi ran nan yanzu ba a shigar ta sai an tambayi lafiyarta, mutanen ƙauyuka da yawa sun dawo cikin gari da 'yan komatsansu. Da yana nan da ya ga baƙin ciki iri-iri, wani lokacin har nakan ce ya huta. Inna ta bi shi bayan shekara biyu, tana sa mani albarka don ina kai wa iyalinsa hatsi. Maganar kuwa ba ta mutu ba. Ta zama abin misali a tasha: duk wanda ya cika wa'azi sai a ce mashi, a yi dai a hankali, mun ga Haruna.

Watan jiya ɗiyarsa Zulai ta haihu, namiji, aka sa mashi Haruna. Muna zaune a ƙofar gida bayan an raɗa suna ana rabon goro, sai wani abokin wasanmu ya ce, "To Allah Ya raya Limami ƙarami, Allah Ya sa ya gaji wa'azin kada ya gaji dairek ɗin." Aka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, ya saba ne, kowa ya saba. Na duba na ga yaron kwana bakwai ne a duniya, an riga an miƙa mashi maganar.

Bayan kwana biyu na je wurin Hajara da la'asar. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Na zauna a bakin rijiya na faɗa mata duka, tun daga sauke mai har maganar manomin. Ba ta daina tankaɗen ba sai da na kai ƙarshe.

Ta ce, "Shekara tara kana cin tuwon gidan nan, Sani."

Na ce, "Haka ne, Yaya Hajara."

"Ka san abin da ya fi ci mani rai? Ba matan da ke yi mani habaici a gidan biki ba. Ni ma na yarda. Na ce son ƙane ne ya sa ya karya maganarsa, ya bar ni da 'ya'ya huɗu. Ina yi mashi addu'a ina jin haushinsa. Shekara tara ina jin haushin mijina yana kabari."

Na fara cewa ta yafe mani, ta ɗaga hannu.

"Ba a tsakar gidana aka ɓata shi ba. Je ka inda aka ɓata shi."

Na je. Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika, na hau bencin kamasho na ce a saurare ni. Na ce wayar da aka tsinta a motar da ta ci Haruna Rewaya ni na sa ta, bai san da ita ba, ya hana ni na ƙi ji. Na zaci za a zage ni, ko a tofa mani yawu, kuma na shirya. Wasu matasan direbobi suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Baba Sani, wane Harunan?" Sun san karin maganar da ake yi da sunansa, ba su san mutum ba ne mai ƙane a tashar. Wani ya ce Allah Ya jiƙan musulmi, ya koma kiran fasinja. Waɗanda suka kewaye motar ran nan yawancinsu sun mutu ko sun bar gari. Na makara har na rasa waɗanda zan sha kunya a gabansu.

Malam Idi kaɗai ya rage, idonsa ya tafi, kullum yana zaune wajen mai shayi. Ya sa aka kira ni. Ya ce, "Ni na fara faɗa, ko?" Na ce shi ne, amma laifin nawa ne. Ya ce, "Naka daban, nawa daban. Na ci naman bawan Allah da bai ci nawa ba. Kama hannuna ka kai ni gidansa." Na kai shi har zaure, na tsaya a waje. Ban ji abin da suka ce ba. Ya fito yana share fuska da hularsa.

Shi ya sa na kawo maganar ga jarida, ko za ta kai ga waɗanda suka watse, na Katsina da na Maraɗi da duk inda aka taɓa ba da labarin Limamin da ya yi abin da yake hanawa. Wanda ya taɓa faɗa ya daina. Wanda kuma ke yawo da waya a akwatin fiyus ɗinsa yau, ya ji abin da ta yi, ban da abin da zan ƙara mashi.

In na auna abin da ya rage na Haruna, ba shi da yawa. Kayan aikinsa an sayar an ci abinci. Motocin da ya yi wa wayarin 'yan gwangwan sun yanka su. Bai bar gida na kansa ba, bai bar gona ba. Abin da ya mallaka ɗaya ne, cewa abin da ya faɗa da baki shi hannunsa ke yi, ko ana kallo ko ba a kallo, ko ga baƙo ko ga ɗan'uwa. Shi na karɓe mashi ranar da ba ya iya kare kansa, kuma shi nake maidawa yau, a makare, ga mutanen da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Allah Ya yalwata mashi kabarinsa, Ya sanyaya mashi abin da wutar duniya ta taɓa.

Tun ranar nan Hajara ba ta sake aiko mani da tuwo ba. In na gaishe ta tana amsawa, iyakarta ke nan. Shekaranjiya Zulai ta zo da saƙonta: in jarida ta fito in kawo guda biyu. Ɗaya a karanta mata, ɗaya a ajiye a ƙasan akwati har jaririn ya iya karatu da kansa. Na ce to. Ban tambayi Zulai ko uwarta ta yafe ba.